Sharhi: Ruwan Gurara na Tafiya Abuja, Wa Ke da Ta Cewa a Kansa a Kudancin Kaduna?

Wani kaso na ruwan famfon da mazauna Abuja ke sha, asalinsa ruwan sama ne da ya sauka a dazuzzuka da gonakin citta na kudancin Jihar Kaduna. Rafuka ke tattara shi su zuba a Kogin Gurara, madatsar Gurara ta tare shi a yankin Kachia da Kagarko, sannan wani ƙaton bututu mai faɗin mita 3 ya ɗauke shi tafiyar kimanin kilomita 75 zuwa madatsar Usuma da ke Ushafa, inda ake tace shi a rarraba wa unguwannin babban birnin ƙasa. Madatsar Gurara na iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 880, wato kusan ninki takwas na abin da Usuma ke riƙewa.

Ta fuskar gini, aikin da aka soma a farkon shekarun 2000, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, ya biya buƙatar da aka yi shi dominta. Abuja na ta bunƙasa, Usuma ita kaɗai ba za ta iya shayar da ita ba. Abin da bai samu irin wannan kulawa ba shi ne tsarin da zai haɗa mai shan ruwan da mutanen da ruwan ke tasowa daga ƙasarsu. Manomin da ke share daji a gefen rafi a Kachia, da makiyayin da ke shayar da shanu a rafin, da mai yin gawayi a tsaunin da ke samansu, kowannensu yana da tasiri a kan yawan ruwan da zai isa madatsar da kuma tsabtarsa. Sai dai babu wani zaure da doka ta tanada inda waɗannan mutane za su zauna da hukumar ruwa ta Abuja, da kamfanin da ke juya injinan lantarki, da jihohin da ke gangare, a yi magana a kan kogin da ya haɗa su.

Kafin a fahimci girman wannan giɓi, sai an dubi yadda Allah Ya shimfiɗa ƙasar. Kudancin Kaduna na jingine da tsaunukan Jos ta yamma, kuma yana cikin sassan Arewa da suka fi samun ruwan sama. Ruwan da ya sauka a can hanya uku yake bi. Wani ya faɗa Kogin Kaduna, ya ratsa birnin Kaduna, ya juya injinan Shiroro da Zungeru a Jihar Neja, kafin ya haɗu da Kogin Neja a ƙasar Nufe. Wani ya bi Gurara, ya wuce ta yammacin Babban Birnin Tarayya. Wanda kuwa ya gangaro ta ɓangaren Kafanchan da Sanga kudu yake nufa, zuwa Kogin Mada a Jihar Nasarawa, daga nan sai Binuwai. Mai kallon ruwan da ke zubowa daga dutsen Matsirga, kusa da Kafanchan, yana kallon mafarin ruwan da wasu jihohin za su sha ne.

Hukumomin da ke kula da koguna kuwa ba su bi wannan tsagi ba. An soma da hukumomi biyu a 1973, ta Tafkin Chadi da ta Sakkwato-Rima, bayan farin da ya addabi Arewa. A 1976 gwamnatin soja ta mai da su 11, aka ƙara yawansu zuwa 18 a 1984, aka sake rage su zuwa 11, yau kuma 12 ne. Ko da yake sunayen koguna suke ɗauke da su, iyakokin aikinsu sun fi bin iyakokin jihohi. Jihar Kaduna na ƙarƙashin hukumar raya yankin saman Kogin Neja mai hedikwata a Minna, tare da Jihar Neja da Abuja. Nasarawa kuma na ƙarƙashin hukumar raya yankin ƙasan Kogin Binuwai da ke Makurdi. Ma'ana, rafin da ya taso daga Jama'a yana canja hukuma da zarar ya tsallaka iyakar jiha, alhali ruwa ɗaya ne.

Akwai wata matsala da ta fi wannan daɗewa. An gina hukumomin ne domin su yi madatsu, su haƙa magudanan ban ruwa, su tona rijiyoyin burtsatse. Wato su ma masu ɗibar ruwa ne. Wanda ke ɗiba kuwa da wuya ya zama alƙalin rabo. Shi ya sa a 2007 aka kafa wata hukumar tarayya ta daban domin tsara amfani da albarkatun ruwa da bayar da lasisi, amma ta shafe shekaru tana aiki ba tare da dokar Majalisa da ta kafa ta ba. A gefe guda akwai hukumar NIHSA mai auna ruwan koguna da hasashen ambaliya, akwai cibiyar horar da ma'aikatan ruwa ta ƙasa da ke Mando a Kaduna, akwai hukumar da aka keɓe domin madatsar Gurara kanta, ga kuma hukumar ruwa ta Jihar Kaduna da hukumar samar da ruwa a karkara. Ƙasar da ke bakin kogin kuma, bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978, tana hannun gwamna. Dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.

Gurara ta nuna abin da wannan rarrabuwa ke jawowa. An tsara madatsar da ayyuka uku: ruwan sha ga Abuja, lantarki megawat 30, da noman rani a dubban kadada a yankin Azara da Jere. Bututun Abuja shi ya fara aiki. Injinan lantarkin sun yi shekaru a girke ba tare da an kammala layin da zai kwashe wutar zuwa Kaduna ba, domin madatsar na hannun ma'aikatar ruwa, layin wuta kuma na hannun wasu. Sai a 2020 aka damƙa tashar ga kamfanin North South Power, wanda ke gudanar da Shiroro. Noman ranin, wanda shi ne rabon da ya fi kusa da mutanen yankin, shi ma ya yi ta tafiyar hawainiya. Idan aka jera ayyukan uku bisa saurin kammaluwarsu, za a ga wanda ke da murya mai ƙarfi a Abuja shi aka fara sallama.

A Kafanchan, garin da ya tashi a matsayin mahaɗar layin dogo tun shekarun 1920, gidaje da dama sun dogara ne da rijiyoyi da burtsatse da 'yan ga-ruwa, kamar yadda abin yake a yawancin garuruwan ƙasar nan. Samar da ruwan famfo a gari alhakin jiha ne, kuma ba daga Gurara ruwan Kafanchan ke zuwa ba. Amma talaka ba ya rarrabe wannan ma'aikata da waccan. Abin da yake gani shi ne yankinsa na shayar da babban birni, shi kuma yana sayen jarka.

Dokar da ta faɗi sau uku

Gwamnatin Tarayya ta yi yunƙurin gyara tsarin. Kudurin dokar albarkatun ruwa na ƙasa, wanda ministan ruwa na lokacin Injiniya Suleiman Adamu ya tsaya a kansa, ya nemi haɗe dokoki huɗu wuri ɗaya, ya bai wa hukumar tsara amfani da ruwa ƙafar tsayawa a doka, ya kuma kafa kwamitocin masu ruwa da tsaki bisa yankunan ruwa takwas da aka kasa ƙasar. Kudurin ya cije a Majalisar Dattawa a 2018. Ya dawo a 2020, Majalisar Wakilai ta janye shi a watan Satumba bayan ce-ce-ku-ce a kan hanyar da aka bi aka shigo da shi. An sake gabatar da shi a 2022, sannan Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a watan Yunin 2023, daf da ƙarewar wa'adinta.

Masu adawa da shi, ciki har da gwamnan Binuwai na lokacin Samuel Ortom, da Farfesa Wole Soyinka, da ƙungiyoyin shugabannin Kudu da na yankin Tsakiya, sun ɗauke shi a matsayin hanyar ƙwace bakin koguna daga hannun al'ummomi a miƙa wa makiyaya, wato shirin Ruga na 2019 ya dawo da sabuwar riga. Ma'aikatar ruwa ta sha musanta hakan. Gaskiyar magana ita ce yawancin ikon da ake tsoro ya riga ya kasance a doka. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sanya ruwan da ya shafi fiye da jiha ɗaya cikin abubuwan da Majalisar Tarayya ke da hurumin yi wa doka. Dokar soja mai lamba 101 ta 1993, wadda har yau take aiki, ta ɗora ikon irin wannan ruwa a hannun Gwamnatin Tarayya, ta kuma halatta wa kowa ɗibar ruwan amfanin gida ko shayar da dabbobinsa kyauta daga duk mashayar da jama'a ke da damar zuwa.

To amma ruwa ba ya tsami banza. A yankin da ya ga rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011, da hare-haren da suka biyo baya a ƙauyukan Kaura da Jama'a da Kauru, duk takardar da ta ambaci bakin kogi da dabbobi a shafi ɗaya za a karanta ta da idon tsoro. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Masu kudurin sun yi ta bayani a Abuja da kafafen yaɗa labarai, amma ba su fara da gina amana a wuraren da fargabar ta fi yawa ba. Masu adawa kuma sun yi nasarar kayar da kudurin, sai dai sun bar mutanensu da tsohuwar dokar 1993, wadda ta bai wa minista iko mai faɗi ba tare da ta tanadar wa al'ummomin bakin kogi kujera ko ɗaya ba. Sashen kudurin da ya yi maganar kwamitocin yanki, wanda shi ne zai fi amfanar wuri irin kudancin Kaduna, ya nutse tare da sauran.

A ƙasa kuwa, batun ruwa bai jira Majalisa ba. Da kaka ta wuce, ciyawar tudu ta bushe, shanu kan gangaro fadama. A daidai lokacin ne manomin rani ke kafa injin ban ruwa a bakin rafin, ya shuka tumatir da barkono da masara har gaɓar ruwa. Burtalin da ke kaiwa mashaya, wanda a da kowa ya san shi, sau da yawa gona ta cinye shi ko gini ya toshe shi. Makiyayar Ladduga da ke Kachia, ɗaya daga cikin sanannun wuraren kiwo da aka keɓe a Arewa, ta karɓi ƙarin jama'a da dabbobi bayan rikice-rikicen da suka raba Fulani da dama da matsugunansu, ruwan da ke cikinta kuwa bai ƙaru da yawansu ba. Ba ruwa ne kaɗai sanadin zubar da jini a yankin ba. Akwai siyasa, da batun mallakar ƙasa da sarauta, da 'yan bindiga masu satar mutane. Amma mashaya na cikin wuraren da ƙaramar magana ke zama babba, kuma ita ce ɓangaren rikicin da ya fi sauƙin sasantawa da yarjejeniya, tunda ana iya auna ta, a shata ta, a sa mata lokaci.

Arewa na da darasi a kan wannan, daga kwarin Hadeja da Jama'are da Komadugu-Yobe. An gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 domin Kano, ba tare da an tsara yadda za a riƙa sakin ruwa ga na gangare ba. Ambaliyar damina da fadamun Hadeja da Nguru suka dogara da ita ta ragu, ruwa ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, ciyawar kachala ta mamaye hanyoyin ruwa. Wasu garuruwan suka nutse, wasu suka bushe, manoma da masunta da makiyaya suka shiga takun saƙa. Sai a 2006, shekara 32 bayan Tiga, gwamnonin Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato suka haɗu a Damaturu, suka amince da tsarin kula da kwarin, suka kafa asusun haɗin gwiwa. Asusun ya yi fama da ƙarancin kuɗi, kuma taƙaddamar madatsar Kafin Zaki tsakanin Bauchi da jihohin gangare ba ta mutu ba. Duk da haka ya tabbatar da abu ɗaya: jihohi na iya zama su tsara kogin da ya haɗa su ba tare da jiran sabuwar dokar tarayya ba. Abin da ya fi tasiri a can ma shi ne tarukan da aka riƙa yi a ƙasa, inda sarakunan ruwa da arɗoɗi da manoma suka haɗa hannu wajen yashe hanyoyin da kachala ta toshe.

A wajen ƙasar ma akwai abin dubawa. Bisa yarjejeniyar 1986, Afirka ta Kudu na biyan ƙasar Lesotho kuɗi a kan ruwan da ake karkatarwa daga tsaunukanta zuwa yankin Johannesburg. A Kenya, dokar ruwa ta 2002 ta amince da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a matakin rafi, daga baya kuma aka kafa asusun da kamfanoni da hukumomin Nairobi ke zuba kuɗi domin tallafa wa manoman saman Kogin Tana su hana zaizayar ƙasa. Lissafin a bayyane yake. Lakar da ruwa ya kwaso daga gonar da aka share har bakin rafi a madatsa take kwanciya, ta rage yawan ruwan da za a iya ajiyewa, ta ƙara kuɗin tacewa. Biyan manomi ya bar bishiyoyin bakin rafi ya fi arha a kan yashe madatsa.

Kachia ba ƙasa ce mai cin gashin kanta kamar Lesotho ba, kuma ruwan Gurara na 'yan Najeriya ne baki ɗaya. Amma tunanin cewa yankin da ke ɗauke da madatsa ya cancanci wani rabo ba baƙo ba ne a dokokin ƙasar. A kansa aka kafa hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, mai hedikwata a Minna, wadda daga baya aka faɗaɗa ta har ta haɗa da Jihar Kaduna. Sai dai hukumar ta fi karkata ga ayyukan tallafi, kamar gina ajujuwa da rijiyoyi da agajin ambaliya. Tallafi na da amfaninsa, amma ba ya bai wa mai karɓa damar tambayar nawa aka ɗiba bana, nawa aka saki wa na gangare, yaushe za a buɗe ƙofar madatsa. Ɓallewar madatsar Alau a watan Satumban 2024, da ruwan da ya mamaye Maiduguri a dare ɗaya, ta nuna cewa waɗannan tambayoyi na iya zama maganar rai da mutuwa ga wanda ke kwana ƙarƙashin madatsa.

Abin da kudancin Kaduna ke da shi, wanda wurare da yawa ba su da shi, shi ne tubalan ginin sun riga sun samu, rikici ne ya tilasta aka yi su. A ranar 23 ga Maris 2016, wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar, wato Jama'a da Kachia da Kaura da Sanga da Zangon Kataf, sun sa hannu a kan sanarwar zaman lafiya ta Kafanchan, kuma batun manoma da makiyaya na cikin manyan abubuwan da ta taɓo. Jihar ta kafa hukumar zaman lafiya a 2017. A 2020 masarautar Atyap, ƙarƙashin Agwatyap Dominic Gambo Yahaya, ta tara Atyap da Hausawa da Fulani a teburi ɗaya. Waɗannan zaurukan ba su hana tashin hankali sake aukuwa ba, kuma wani ɓangare na rauninsu shi ne ba su da aikin yau da kullum. Sai an yi ɓarna ake tuna su. Rabon ruwan rani aiki ne da ke dawowa kowace shekara. Kwamitin da zai zauna kafin Nuwamba ya tantance mashaya, ya shata faɗin da ba za a noma ba a bakin rafi, ya sa ido a kan masu ɗibar yashi da masu wanke tankin feshin maganin ciyawa a cikin ruwa, zai samu dalilin haɗuwa ko da babu gawa a ƙasa.

Gwamnatin jiha na da hurumin yin hakan a kan ƙananan rafukan da ke cikin iyakarta da kuma ƙasar da ke gefensu, ba tare da ta taka ikon Tarayya ba. Kuɗin farawa ma ba sai an je nesa ba. Kaduna na cikin jihohi bakwai da aka soma shirin ruwa da tsabta na Bankin Duniya da su a 2021, mai dala miliyan 700, tana kuma cikin jihohin Arewa 19 da ke shirin ACReSAL, wanda tsarinsa ya ginu a kan kula da ƙasa bisa yadda ruwa ke gangara. Haɗarin shi ne irin waɗannan kwamitoci kan mutu ranar da kuɗin shiri ya ƙare. Abin da zai raya su shi ne wani ƙayyadadden kaso, komai ƙanƙantarsa, daga kuɗin ruwan da ake kai wa Abuja da na lantarkin Gurara, a rubuce cikin yarjejeniya tsakanin ma'aikatar ruwa ta tarayya da hukumar Babban Birnin Tarayya da Jihar Kaduna.

Akwai kuma batun alƙaluma, wanda ba ya jan hankalin 'yan siyasa amma komai a kansa yake tsaye. Ba a raba abin da ba a auna ba. Yankin na da reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, da sabuwar jami'ar tarayya da aka kafa a Kachia a 2025. Ɗalibai da malamansu na iya riƙe ma'aunan ruwa a manyan rafukan yankin tare da hukumar NIHSA, a riƙa bayyana sakamakon a fili, ta yadda arɗo da dagaci da injiniyan madatsa za su yi gardama a kan lamba ɗaya.

Ministan albarkatun ruwa da tsabtar muhalli, Farfesa Joseph Utsev, ɗan Jihar Binuwai ne, jihar da adawa da kudurin ta fi zafi, kuma duk ranar da batun sabuwar doka ya sake tasowa, tsohuwar fargabar za ta taso tare da shi. Kafin nan akwai aikin da ke kan takarda tun da daɗewa: kashi na biyu na Gurara, mai megawat 360, wanda aka tsara ginawa a Jihar Neja. Ruwan da zai juya injinansa daga Kachia da Kagarko zai taso, bayan Abuja ta ɗebi nata, gonakin Azara da Jere sun ɗebi nasu. A shekarar da damina ta yi gardama, masu buƙata huɗu ne za su dubi kogi ɗaya: birnin tarayya, da kamfanonin lantarki, da manoman rani, da garuruwan gangare a Neja da Kogi, kuma kowannensu ofishin da yake kai kuka daban ne.